Zan ci bashin gida a Amurka, in saka sunan maigida ko in bar shi?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni nas ce a Houston, jihar Texas, na fi shekara goma a ƙasar nan har na zama 'yar ƙasa. Na koma gida Kano aka ɗaura mana aure, maigidan ya iso wata goma kenan da girin kad ɗin nan mai wa'adin shekara biyu. Haya ta ishe ni wlh, duk shekara sai an ƙara mana, ga shi ina da juna biyu. Na ga wani gida na dala 280,000. Ina da 25,000 da na tara tun kafin aure, shi kuma ya sayar da filinsa a Kano, kuɗin zai kai dala 20,000, suna hannun yayansa. Albashina 7,000 a wata kafin a cire haraji, ina biyan bashin mota 450 da na makaranta 300. Shi Uber yake ja kuma ba shi da kiredit, wato tarihin cin bashi da biya, ko kaɗan. Dillalin bashin da na gani ya ce gara in nema ni kaɗai. Tunda na faɗa wa maigidan yake fushi, ya ce wato ɗan haya zai zama a gidan matarsa. Hajiyata kuma ta ce kar in kuskura in sa sunansa, namiji ba ɗan goyo ba ne. Ga maganar kuɗin ruwa ita ma tana damuna. Yaya zan yi?

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya, ya kawo mai albarka.

Toh bari in fara da abin da na lura ku ukun duk kun haɗa shi wuri guda, ke da maigida da Hajiya, alhali abu biyu ne. Ranar da ake kammala cinikin gida a Amurka akwai takardar bashi, wadda ke nuna waye banki zai bi kuɗinsa, akwai kuma takardar mallaka wadda ake kaiwa ofishin gunduma a yi rajista, ita ke nuna gidan waye. Ba dole ba ne sunayen da ke kan wannan su zama su ne a kan waccan. Ana iya bashi da sunanki ke kaɗai, takardar mallaka kuma ta fito da sunanku ku biyu, kuma wannan ba wata dabara ba ce ta bayan fage, kullum ana yi, sai dai ki faɗa wa bankin da kamfanin da zai rubuta takardun tun da wuri kar sai ranar sa hannu. Dillalinki kan takardar farko yake magana, maigida ya ji kamar ta biyu ake nufi, shi ya sa yake fushi. Ina zargin ma ke kanki ba ki tambayi dillalin wanne yake nufi ba, kin dai kwaso maganar kin kawo gida da zafinta.

Kuma dillalin bai yi ƙarya ba. Matsalar maigidanki ba takardun zama ba ce. Girin kad mai wa'adin shekara biyu girin kad ne cikakke a wajen masu ba da bashi, ana ba da shi ne kawai ga wanda aurensa bai cika shekara biyu ba lokacin da aka ba shi izinin zama. Fannie Mae da Freddie Mac, waɗanda su ke sayen yawancin basussukan gidaje daga bankuna shi ya sa dokarsu ce ke tafiya, suna karɓar mai girin kad kamar yadda suke karɓar ɗan ƙasa. Ko bashin FHA da gwamnati ke tsaya wa, wanda tun watan Mayun 2025 aka rufe ƙofarsa ga masu bizar aiki da sauran masu zaman wucin gadi, mai girin kad har yanzu yana ciki. In wani ma'aikacin banki ya ce miki ba sa ba baƙi, ki tattara takardunki ki tafi wani bankin, akwai dokar 1974 da ta hana a hana mutum bashi saboda asalin ƙasarsa ko addininsa, duk da dai ta ba su damar tambayar matsayin zamansa.

Abin da ke hana a saka shi lissafi ne tsagwaronsa. In mutum biyu suka nemi bashi tare, banki zai ɗauko makin kiredit na kowannensu daga kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, ya ɗauki na tsakiya na kowa, sannan wajen yanke kuɗin ruwa yawanci na wanda ya fi ƙasa ake dubawa. Wato in naki ya haura 740 nashi kuma babu ko yana ƙasa, shigarsa na iya jawo miki tsada ko ƙarin wahalar takardu. Da a ce shigar tasa za ta ƙaro kuɗin shiga da sai a ce a jure, amma kuɗin Uber a wajensu sana'ar kai ce, suna son ganin takardun haraji na shekara biyu, wani lokaci su karɓi shekara ɗaya, wata goma kam ba za su ƙirga ba. Kuma ko lokacin ya yi abin da ya rage bayan ya cire kuɗin mai da gyaran mota a takardar haraji shi za su ƙirga, ba abin da waya ke nuna masa duk sati ba. 'Yan uwanmu da yawa nan suke faɗawa, a kai wa mai cike haraji a ce ya zaftare komai don kar a biya gwamnati, shekara ta zagayo a je neman gida takarda ta nuna mutum ba ya samun ko na cefane. Kinga kenan saka sunansa a bashin yau ba zai ƙara ko dala ɗaya a abin da za a ba ku ba, sai dai ya ɗora masa nauyin bashin shekara 30.

Wannan shi za ki zaunar da shi ki faɗa masa, ba a tsaye ba kuma ba kina shirin fita aikin dare ba. Ki tafi da shi wajen dillalin ya ji da kunnensa, ya yi tambayoyinsa da kansa. Ni fushinsa bai ba ni mamaki ba kuma ban ga laifinsa sosai ba. Mutum ya taso a inda namiji ke kawo mace gidansa, yana da filinsa yana da mutuncinsa a unguwa, ya zo ƙasar da ko layin waya sai an tambayi tarihin da ba shi da shi, matarsa ce ta cike masa takardu, ita ta san hanya, ita ke da albashi, yanzu kuma ya sayar da abu ɗaya da ya mallaka a duniya a ce masa sunansa ba zai fito ba. Ko ke ce sai kin ji wani iri. Fushin kwana da kwanaki dai yarinta ce, wannan kuma ki bari sai an shirya ki faɗa masa cikin raha.

Sai Hajiya. Allah ya ƙara mata lafiya, tsoronta ba daga sama ya faɗo ba, duk mun ji labarin wanda aka kawo ya samu takarda ya juya baya. Amma shawararta ba za ta yi aikin da take zato ba, saboda inda kike zaune. Texas tana cikin jihohi tara, irin su California da Arizona da Louisiana, da dokarsu ke ɗaukar duk abin da aka samu cikin aure a matsayin na miji da mata tare, ko sunan waye a kai. Albashin da kike ɗauka tun ranar da aka ɗaura aure a idon kotun Texas na ku biyu ne, nashi ma haka, kuma gidan da aka saya da aure a kai haka kotu za ta fara ɗaukarsa sai in an kawo hujja mai ƙarfi. Ƙari a kan haka gidan da iyali ke zaune a ciki a Texas ba a jinginar da shi ko sayar da shi sai da sa hannun miji da mata duka, don haka ko ba ya cikin bashin sai an kira shi ya sa hannu a takardar jingina. Ɓoye masa ko cire sunansa ba zai kare ki ba, zai dai bar miki miji mai ciwon zuciya a gida ɗaya.

Abin da zai kare ki rubutu ne. Dala 25,000 ɗin da kika tara kafin aure taki ce ke kaɗai a dokar Texas, in dai za ki iya nuna asalinta, shi ma kuɗin filinsa in kafin aure ya mallake shi nashi ne. Ki nemo sitetimen ɗin asusunki na watan da aka ɗaura aure ki adana, kar ki gauraya kuɗin da albashin yanzu in ba ki riga kin yi ba. Sannan kafin ku sa hannu a komai ku ba lauyan harkar iyali awa ɗaya ku biya shi, domin akwai wani lungu a dokar: in kika zuba kuɗinki na kafin aure aka rubuta gida da suna biyu ba tare da wani bayani ba, kotu na iya ɗauka kyautar rabi kika yi masa. Texas ta yarda miji da mata su rubuta yarjejeniya ko bayan aure, a ce wance ta kawo kaza wane ya kawo kaza, in an sayar ko an rabu kowa ya fara ɗaukar abin da ya zuba sannan a raba saura yadda aka amince. In ya ce wannan rashin yarda ne ki tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma tsakanin musulmi. Shi ma kariya ce gare shi, don kuɗin filinsa ne zai shiga gidan da bashinsa ke da sunanki. A wajen lauyan nan ku yi maganar wasiyya gaba ɗaya, mutuwa ba ta sallama, kuma in babu rubutu dokar jiha ce za ta raba gadon ba yadda Musulunci ya tsara ba, musamman in yana da 'ya'ya da wata a gida abin yana canzawa sosai.

Wani abu da Hajiya ba ta sani ba, lokacin da kika cike masa takardar ɗaukar nauyi, fom I-864, kin riga kin yi wa gwamnatin Amurka alkawarin da ko saki ba ya warware shi, sai ya zama ɗan ƙasa ko ya yi aikin kusan shekara goma ko ya bar ƙasar ya ajiye katin. Babbar yardar kin riga kin ba da ita tun tuni. Kuma cikin kwana 90 na ƙarshe kafin katinsa ya ƙare za ku cike I-751 tare don a cire masa sharaɗin, inda hukumar shige da fice ke neman shaidar cewa auren gaske ne, takardar gida mai suna biyu tana cikin manyan shaidun da ake kaiwa. Ban ce ki sa sunansa don wannan kaɗai ba. In har a zuciyarki akwai wani abu da kika gani a halinsa wanda ba ki rubuto min ba, ba maganar Hajiya ba, abin da idonki ya gani, to ki dakata da sayen gidan gaba ɗaya, haya ba ta kashe kowa ba.

Yanzu kuɗin filin nan da ke hannun yaya, a nan ne na fi jin tsoro fiye da duk rigimar suna. Banki zai karɓi sitetimen ɗinki na wata biyu ya bi shi layi layi, duk kuɗin da ya shigo mai kauri, a ƙa'idar Fannie Mae wanda ya wuce rabin albashin wata, sai kin nuna daga ina. Mu kuma kinsan yadda muke yi, yaya ya kai naira Wapa ko ya ba wani ɗan kasuwa a Kano, wani abokinsa a Dallas ya turo miki dala ta manhajar Zelle kashi huɗu da sunaye huɗu da ba ki taɓa ji ba, ko a kawo miki a ambulan. Wannan kuɗin halal ne amma a wajen banki maraya ne, ba shi da uba, ba za su ƙirga shi ba kuma yana iya tsayar da cinikin ana saura sati a ba ku makulli. Kuɗin adashi ma haka, in kina yi. Hanyar da za ta fisshe ku ita ce a samu takardar cinikin filin da sunansa, yaya ya zuba kuɗin a asusun maigidan na Najeriya mai sunansa, a ciro sitetimen, a turo ta banki ko kamfanin tura kuɗi mai rajista zuwa asusunsa na nan, a adana rasit ɗin canji. Duk takardar da aka rubuta da Hausa a fassara ta. Tunda ba ya cikin bashin zai sa hannu a wasiƙar kyauta cewa ya ba ki ba rance ba, shi ya sa yarjejeniyar lauyan nan take da amfani, ki nuna wa lauyan wasiƙar don kar takardun biyu su yi karo. Ko da canjin banki bai kai na kasuwa daɗi ba ku haƙura da ɗan bambancin. Kuma dan Allah kar wani ya ba ku shawarar ku riƙa zuba tsabar kuɗi 9,000 yau 9,000 jibi don kauce wa rahoton da banki ke yi in an wuce 10,000, rahoton ba laifi ba ne, rarrabawar don guje masa ita ce laifi. Ku kuma faɗa wa mai cike muku haraji maganar sayar da filin, sannan in asusunsa na waje ya haura dala 10,000 ko na rana ɗaya ne a shekara akwai rahoton FBAR da mai girin kad ke cikewa.

Bari mu yi lissafin gidan kansa, don ina ganin ya ɗan yi miki yawa. Mu ƙaddara kin ba da kashi 10 na kafin alƙalami, 28,000, saura bashin 252,000. Mu ƙaddara ruwa kashi 6.5 na shekara 30, wata zai kama kusan 1,590. Texas ba ta karɓar harajin albashi amma tana ramawa a harajin gida, in aka ce kashi 2 ne to 467 kenan a wata, kuma a sababbin unguwannin bayan gari irin su Katy da Cypress akwai ƙarin harajin hukumar ruwa da ke iya kai shi sama da haka. Sa inshorar gida mu ce 250, sa inshorar da ake ɗora wa wanda bai ba da kashi 20 ba mu ce 100. Kin tashi 2,400 da ɗoriya. Haɗa da mota da makaranta 750, kin kai 3,150 cikin 7,000, kashi 45 kenan. Banki na iya amincewa, wani lokaci har kashi 50 suna kaiwa, amma banki ba ya ƙirga kuɗin rainon jariri, ba ya ƙirga hutun haihuwar da dokar tarayya ta ba da sati 12 ba tare da tilasta a biya albashi ba, ba ya ƙirga abin da ke da shi kuke turawa gida duk wata, da na azumi da na layya. Ga kuɗin kammala ciniki kashi 2 zuwa 5, wato tsakanin 5,600 da 14,000. In kin cire duka daga 45,000 ɗinku abin da zai rage ba lallai ya sayi sabuwar na'urar sanyaya gida ba in ta mutu a watan Agusta, kuma kin san zafin Houston. Duk gidan da kika gani ki duba taswirar ambaliya ta hukumar agajin gaggawa FEMA ki tambaya ko ruwa ya shige shi lokacin guguwar Harvey a 2017, don inshorar gida ba ta biyan ambaliya, wannan daban ake saye.

Maganar kuɗin ruwa kuwa ni ba malama ba ce ba zan ba ki fatawa ba, amma ga yadda abin yake. Majalisar fatawa ta Turai a 1999 ta sassauta wa wanda ba shi da gidan zama kuma bai samu hanyar halal ba, malamai da yawa kuma ba su yarda da ita ba. Ke a Texas kina da hanya, akwai kamfanoni irin su Guidance Residential da UIF, tsarin da aka fi sani shi ne ku sayi gidan tare da kamfanin, kina biyan kuɗin amfani da kasonsu kina sayen kason kaɗan kaɗan har ya zama naki. Kar ki zata sauƙi ne, abin da za ki biya a wata kusan ɗaya ne da na banki, kuma da yake su ma da Freddie Mac da Fannie Mae suke hulɗa, tambayoyin kiredit da albashi da asalin kuɗi duk suna nan yadda na lissafa. Wasu malaman ma suna da ja a kan wasu sharuɗɗan, don haka ki karɓi kwantiragin ku kai wa malamin da kuka yarda da shi ya karanta, ba tallar da ke shafinsu ba.

In ni ce ke, zan sabunta hayar nan ta wata shida zuwa shekara in haihu tukuna. Cikin wannan lokacin ki saka shi a katin kiredit ɗinki mafi daɗewa a matsayin wanda aka ba izinin amfani, shi ma ya buɗe nasa irin wanda ake ajiye dala 300 ko 500 jingina, ya riƙa shan mai da shi yana biya duka kafin ranar biya, bayan wata shida makin kiredit ɗin da ake kira FICO zai fito masa. In zai samu aikin albashi ko a sito ne ya riƙe Uber a gefe, ya fi, don albashin kamfani ana ƙirga shi da wuri. Kuɗin fili su iso su zauna da takardunsu. Sannan ku je tare wajen masu ba da shawarar gidaje da hukumar gidaje ta tarayya HUD ta amince da su, kyauta ne ko kuɗi kaɗan, ku nemi takardar ƙiyasin bashi daga masu ba da bashi uku cikin sati biyu don binciken kiredit ɗin ya zama kamar guda, doka ta ce su ba ku cikin ranakun aiki uku. A fom ɗin neman bashi akwai gurbin da ake tambayar ɗan ƙasa ne ko mai girin kad, in ya shiga bashin ki duba da idonki abin da aka cike masa, kuskuren cewa shi ɗan ƙasa ne na iya rushe masa takardu har abada.

In kuma kin ga ba za ki iya jira ba, ki nemi gidan da bai kai wannan kuɗin ba, bashi da sunanki, mallaka da sunanku biyu, yarjejeniyar lauya a hannu kafin ranar sa hannu. Hajiya kuma ba sai kin yi mata dogon bayanin dokar Texas ba, ki ce mata kin ga lauya an rubuta abin da kika zuba kuma yana nan a ajiye, ki roƙe ta ta sa albarka, ki kuma daina kai mata rahoton abin da maigida ya ce cikin fushi.